Yadda Ake Neman Tsuntsu Mai Wutsiyar Mafici, a Gane Shi, a Bibiyi Sheƙarsa

Tun da na ba da labarin tsuntsun nan mai wutsiya kamar mafici da ya riƙa zagaya ni a bayan ɗakin kwananmu a Maleshiya, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa, yawanci daga ɗaliban da ke shirin tafiya karatu can ko Indiya. A ina ake ganinsa? Da me ake kallonsa? Yaya mutum zai tabbatar shi ne? Har da mai tambayar ko ana iya sa shi a keji a taho da shi gida. Zan amsa su a jere, yadda ni kaina nake yi in na fita.

Abu biyu za mu kawar tukuna. Wanda nake magana a kansa ba tantabarar nan ba ce mai wutsiya irin ta ɗawisu da masu kiwo ke ji da ita a Kano da Zariya. Turawa ne suka ba su suna ɗaya, fantel, shi ya sa in ka nema a intanet tantabaru ke fara fito maka. Namu ɗan ƙaramin tsuntsun daji ne mai cin ƙwari, tsawonsa santimita 15 zuwa 18 a mafi yawan nau'o'in, kusan rabin tsawon kuma wutsiya ce da yake buɗewa kamar mafici. Na biyu, babu shi a Afirka. Danginsa, waɗanda masana ke kira Rhipidura, sun haura nau'i 50, sun bazu daga Indiya zuwa kudu maso gabashin Asiya, Niyu Gini, Ostireliya, Niyu Zilan da tsibiran tekun Fasifik. Tun da ba shi da suna a Hausa, ni mai-mafici nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan.

1. San wanda ke ƙasar da za ka

Kada ka haddace nau'i 50. Kowace ƙasa akwai 'yan kaɗan da za ka iya haɗuwa da su, su kaɗai za ka sani. Rubuta sunayen kimiyyarsu a takarda, domin da su ake nema a manhaja da littafi ba tare da ruɗani ba.

A Maleshiya da Singafo, na cikin gari da bakin ruwa shi ne Rhipidura javanica. Mutanen Malay murai gila suke ce masa, ma'ana mahaukacin murai (murai sunan wani tsuntsu ne a wurinsu), kuma in ka gan shi sau ɗaya ba za ka tambayi dalili ba. A kan tsaunuka masu sanyi irin su Bukit Fraser da Cameron Highlands, Rhipidura albicollis ne ke maye gurbinsa. Can cikin kurmi mai duhu, kamar Taman Negara, akwai Rhipidura perlata mai ɗigo-ɗigon fari a ƙirji, shi wannan sai an wahala.

A Indiya, mazauna Bangalor da Pune da Mumbai Rhipidura albogularis za su nema a lambuna. Rhipidura aureola mai faffaɗar farar gira ya fi son daji mai sauƙin bishiyoyi da ɗan bushewa, albicollis kuma yana arewa wajen gindin tsaunukan Himalaya.

A Ostireliya ba sai ka nema ba. Rhipidura leucophrys, wanda ya fi saura girma, har santimita 21 yake kaiwa, yana filin ƙwallo, yana wurin ajiye motoci, yana kan bayan tumaki da shanu. A Niyu Zilan kuma Rhipidura fuliginosa ne, wanda 'yan ƙabilar Maori ke kira piwakawaka, nauyinsa giram 8 kacal.

Gargaɗi: tsofaffin littattafan tsuntsayen Indiya suna lissafa wani ɗan ƙarami mai rawayan ciki a cikin dangin. An cire shi bayan binciken ƙwayoyin halitta, yanzu sunansa Chelidorhynx hypoxanthus. In littafinka da manhajarka sun saɓa a kansa, manhajar ce mai sabon labari.

2. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Madubin hangen nesa shi ne babban kashe kuɗi. Nemi wanda aka rubuta wa 8x42 ko 8x32. Lamba ta farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai kyau na ɗan koyo yana kamawa daga dala 100 zuwa 200. Kafin ka biya, ka gwada abu biyu a cikin shagon. Ka kalli wani abu da ke taku uku daga gare ka, ka ga ko zai fito tangaran, saboda wannan tsuntsu yakan matso har mita 2, madubin da ba ya gani kusa kuwa ba shi da amfani a lokacin. Sannan ka tabbatar an rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa.

Gargaɗi: kada girman lamba ya ruɗe ka. Ni na fara da wani mai jan gilashi da na saya a kasuwar dare, an rubuta masa lambobi masu ban tsoro, farashinsa bai kai na buhun shinkafa ƙarami ba. Da shi bishiya ɗaya takan zama biyu, kafin wata biyu kuma raɓa ta shige shi, fumfuna ta yi fure a cikin gilashin. Ko da mai kyau ne, wanda ya wuce sau 10 yana ƙuntata abin da kake gani, tsuntsun da ba ya minti ɗaya a reshe guda kuwa fili yake so.

Sauran kayan ba su da tsada. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye da ta eBird ta rubuta waɗanda aka gani, dukansu na cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ne. Ka sauke kundin ƙasar da kake tun kana da intanet mai ƙarfi, don a daji ba lallai ka sami sabis ba. Sai ƙaramin littafin rubutu da fensir. Fensir na ce, don biro yana zuba in takarda ta jiƙe, can kuwa takarda sai ta jiƙe. Sai maganin sauro na shafawa, gorar ruwa, hula, takalmi rufaffe, da riga mai dogon hannu, launin ƙasa ko kore mai duhu. Farar shadda a bar ta sai Juma'a.

Kuɗin shiga wurare kaɗan ne. Gandun Kuala Selangor na Maleshiya 'yan ringit, kuɗin ƙasar, ake biya a ƙofa, Sungei Buloh na Singafo kuma kyauta ne. In aljihu ya yi nauyin ɗauka, ka bi fitar ƙungiyar Malaysian Nature Society ko ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta jami'arku, a nan ba a rasa mai ara maka madubi.

3. Zaɓi wuri da lokaci

Ƙa'idar a taƙaice: inuwa, ruwa a kusa, da ƙananan bishiyoyi masu sarƙaƙiya. Inda sauro da ƙananan ƙudaje ke taruwa, nan ne kasuwarsa. A Maleshiya wuri mafi tabbas shi ne dajin bakau, wato bishiyoyin nan na bakin teku masu saiwoyi a waje cikin taɓo da ruwan gishiri. Gandun Kuala Selangor, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota daga Kuala Lumpur, yana da hanyar katako da ta ratsa cikin irin wannan daji. Amma kafin ka kashe kuɗin mota, duba bayan makarantarku. Bakin magudanar ruwa mai gora a gefe, ko tafkin cikin jami'a mai duhuwa, sau da yawa akwai ma'aurata biyu da suka mallake wurin shekara da shekaru. Nau'in Maleshiya ba ya ƙaura, inda ka gan shi yau nan za ka same shi wata mai zuwa.

A eBird akwai taswira. Sa sunan kimiyyar, ka matso da garinku, za ka ga ɗigo-ɗigon wuraren da wasu suka gan shi da ranakun. Ka fi ba waɗanda aka gani cikin shekarar nan muhimmanci, domin gini yana cin duhuwa da sauri a biranen can.

Lokaci kuma safiya ne. A Kuala Lumpur rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 kusan duk shekara, saboda haka bayan sallar asuba akwai sararin karyawa da kama hanya. Daga 7 zuwa 10 ne aiki. Bayan haka zafi ya taso, da la'asar kuma hadari yakan haɗo. In an yi ruwa an ɗauke, rana ta ɗan leƙo, wannan ma lokaci ne mai albarka, ƙwari sukan tashi da yawa.

Gargaɗi: sauron can na rana yana ɗauke da zazzaɓin dengi, kuma safiya da yamma yake cizo, daidai lokacin fitarka. Shafa magani kafin ka shiga, ba bayan an fara cizonka ba. A dajin bakau kada ka sauka daga hanyar katako, taɓon yana haɗiye ƙafa har gwiwa, a Sungei Buloh ma akwai kada. Birai kuma sun san leda. Na taɓa rasa burodi da ƙwai a hannun wani, ina ji ina gani. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge. In kurmi za ka shiga, cusa ƙafar wando cikin safa saboda matsattsaku.

4. Tsaya, bar shi ya zo

Nan ne yawancin masu farawa ke ɓata aikinsu. Sun saba da tsuntsayen gida da danƙon yara ya koya wa tsoron mutum, sai su yi ta sanɗa suna bin mai-mafici daga bishiya zuwa bishiya, suna ɗaga madubi suna saukewa, a ƙarshe wutsiya kawai suka gani. Shi wannan tsuntsu ba ya gudun mutum yadda ka saba. Tafiyarka cikin ciyawa tana tayar da ƙwari, shi kuwa abin da yake nema ke nan. Na Niyu Zilan har bin masu yawo a daji yake yi, na Ostireliya kuma yana bin shanu kamar yadda balbela ke yi a wurinmu.

Ga yadda za ka yi. Shiga wurin da tafiya irin ta yau da kullum, ba sanɗa ba gudu. In ka ji kuka ko ka ga motsi, nemi bishiya ka jingina, rana tana bayanka, ka tsaya cik na minti 10 zuwa 15. Kada ka ɗaga madubi tukuna. Kalle shi da ido kawai har ka gane zagayensa, domin yana da rassa uku ko huɗu da yake komawa kansu. Da ka gano ɗaya, saita madubinka a kan wannan reshen ka jira. Zai dawo. Lokacin ɗaga madubi kuma, idonka ya tsaya a kan tsuntsun, madubin ne zai zo wurin ido. In ka sunkuya ka kalli madubin, ka rasa shi.

Abin da za ka gani salon farauta biyu ne, kuma yana da kyau ka iya bambanta su tun ranar farko. A na farko yana zaune a reshe, in zama za a kira shi, yana juyi hagu da dama, sai ya yi tsalle cikin iska, ya yi wata 'yar wulƙitawa, ya cafke ƙwaro ya dawo. A na biyu yana ratsa cikin ganye, fuka-fukai a sake sun ɗan zubo ƙasa, wutsiya a buɗe, yana karkaɗa jiki. Farin da ke bakin wutsiyar yana walƙawa a cikin inuwa, ƙwarin da suka lafe a bayan ganye su firgita su tashi, shi kuma ya bi su. Maficin nan kayan sana'a ne, kuma da shi yake yin kwanar da ido ba ya iya bi.

Wata safiya a hanyar katakon Kuala Selangor na tsaya ina goge gumi, sai ga ɗaya ya sauka a kan makarin hanyar, tazarar da in na miƙa hannu sau biyu zan taɓa shi. Madubi bai yi amfani ba. Na ga 'yan gashin nan masu tauri da ke gefen bakinsa kamar gashin baki, na ga faɗin gindin bakin, sannan da ya tashi ya kama wani ƙuda a saitin kafaɗata na ji ƙarar haɗuwar bakin, ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Ya dawo, ya juya mini baya, ya buɗe wutsiyar gaba ɗaya. Da na ci gaba da tafiya a ranar, da ban ga komai daga wannan ba.

A kan tsauni dabarar ta ɗan bambanta. A Bukit Fraser daji yakan yi tsit na rabin awa, sai kwatsam ayarin tsuntsaye iri-iri ya ratso tare, kowa yana kiwo. Mai-mafici yakan kasance cikinsu, yana cin ƙwarin da sauran suka tayar. In ayarin ya zo kada ka bi shi, tsaya a inda kake ka fara da wanda ya fi kowa rawar kai.

Gargaɗi: wasu suna kunna kukan tsuntsun a waya don ya fito. Yana fitowa kuwa, amma a fusace, yana zaton wani ya shigo masa gida, ya bar kiwo ko ya bar ƙwai yana neman abokin faɗan da babu shi. Ga tsuntsun da ke zuwa da kansa, wannan zalunci ne marar dalili, kuma wuraren shaƙatawa da yawa sun hana.

5. Tabbatar shi ne

Bi wannan tsari: hali, sannan maƙogwaro da ƙirji, sannan gira, sannan bakin wutsiya. Launin baya shi ne na ƙarshe, don a inuwa duk baƙi-baƙi suke.

Na garin Maleshiya: farin maƙogwaro, baƙar ɗamara a ƙirji, farin ciki, siririyar farar gira da wani lokaci ba ta ma fitowa, da fari mai faɗi a ƙarshen gashin wutsiya. Ƙaramin da bai balaga ba ya fi ja-ja, ɗamararsa ba ta haɗe sosai ba, akwai layi mai launin tsatsa a fiffike. Na kan tsauni cikinsa duka duhu ne, maƙogwaro da gira kaɗai ke da fari. In ka ga farin ciki a bakin teku, javanica ne, in ka ga baƙin ciki, na tsuntsu nake nufi, a kan tsauni, albicollis ne.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a Maleshiya da Indiya shi ne ɗaukar Copsychus saularis, wanda Malay ke kira murai kampung, a matsayin mai-mafici. Shi ma baƙi da fari ne, shi ma yana wasa da wutsiya, kuma ya fi yawa a cikin gari. Bambancin: namijinsa baƙi ne tun daga kai har ƙirji ba farin maƙogwaro, yana da dogon farin layi a fiffike, ƙafafunsa sun fi tsawo, yana sauka ƙasa yana tsalle, wutsiyar kuma ɗaga ta sama yake yi ya tsaya ƙyam. Yana iya zama a kan waya ya yi ta rera waƙa minti biyar. Mai-mafici ba shi da wannan natsuwar.

A Ostireliya leucophrys baƙin maƙogwaro gare shi, da farin ciki da farar gira wadda ke ƙara faɗi in ransa ya ɓaci. Ya fi kaɗa wutsiya gefe da gefe a kan buɗe ta, kuma a ƙasa yake yawan kiwo. Akwai wani mai kama da shi, Myiagra inquieta, amma shi maƙogwaronsa fari ne kuma ba shi da gira. A Niyu Zilan in ka ga baƙi wuluk kada ka ɗauka sabon nau'i ka gano. Launi ne na biyu na piwakawaka, an fi ganinsa a tsibirin kudu, kuma yana aure da mai launin da aka saba.

6. Koyi kukansa

Kafin ka fita, saurari kukan nau'in sau da yawa a Merlin ko a xeno-canto, rumbun kukan tsuntsaye na intanet, da abin sawa a kunne. Na Maleshiya yana da 'yar waƙa mai tsini, gajeriya, kamar ana murza ƙofar da ba ta sha mai ba, da kuma wata tsawa mai kaushi in ya ga mage ko maciji. Na Ostireliya yana waƙa har da dare in akwai farin wata, in ya fusata kuma sai ka ji kamar ana kaɗa akwatin ashana. Manhaja tana iya sauraro ta faɗi suna, amma tana kuskure. Abin da ta faɗa shawara ce, sai idonka ya gani za ka rubuta.

7. Hoto

Da waya, bidiyo ya fi hoto. Ɗauki sakan 20, daga baya ka tsayar a inda wutsiyar ta buɗe. Da kyamara, saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na sakan, ka saita a kan reshen da yake komawa. Kashe filasha.

8. In ka gano sheƙa

Sheƙar ba ta ɓuya sosai, kuma wannan ne haɗarinta. Alamun da za su kai ka: tsuntsu ɗauke da zaren ciyawa, ko yana fizgar saƙar gizo-gizo daga kusurwar gini, ko ya kama ƙwaro bai haɗiye ba ya tafi da shi, ko kuma ya fara kawo maka farmaki a ka yana tsawa. Wannan na ƙarshen yana nufin ka yi kusa da yawa, ja da baya nan take.

Ita kanta sheƙar abin kallo ce. Ba ta fi finjalin shayi girma ba, an saƙa ta da siraran ciyayi da zaren ɓawon itace, an naɗe bayanta da yanar gizo, ta ainihi ba ta waya ba, har ta yi sumul kamar an shafe ta da siminti. Yawanci a kan siririn reshe take ko a tsakanin rassa biyu, sau da yawa ba ta wuce tsayin mutum ko biyu daga ƙasa ba, wani lokaci a saman ruwa. Nau'o'i da dama suna bar mata wani jela yana reto a ƙasa. Na Ostireliya yakan shimfiɗa gashin dabba a ciki, har daga jikin dabbar yake tsigowa.

Lissafin kwanaki kusan ɗaya ne a dangin. Gini mako ɗaya zuwa kwana 10. Ƙwai 2 zuwa 4, na Maleshiya galibi 2. Kwanci kusan mako 2, mace da namiji suna karɓa-karɓa. 'Ya'yan suna yin kusan mako 2 a sheƙa, bayan sun fita kuma iyayen suna ci gaba da ciyar da su. A Maleshiya da Indiya an fi samun sheƙa daga wajen Maris zuwa Yuli, a Ostireliya da Niyu Zilan kuma daga Agusta zuwa ƙarshen shekara, don lokutansu a juye suke da namu. A can ma'aurata sukan yi zubi uku ko fiye a kaka ɗaya.

Yadda za ka bibiya: zaɓi wuri ɗaya mai nisan aƙalla mita 10, inda kake ganin sheƙar da madubi. Zauna minti 20, sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Rubuta sau nawa aka kawo abinci, sau nawa aka yi canjin kwanci, da kawuna nawa ke leƙowa. In iyayen suka daina zuwa ko suka koma tsawa, kai ne matsalar, tashi.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a duk bayanin nan: hankaka yana kallon mai kallo. A Kuala Lumpur da Klang hankaki sun yi yawa, ga birai, ga kurege, ga magen unguwa, ga maciji. In ka tsaya a gindin sheƙa kana nuna ta da yatsa, ka yi musu jagora. Kada ka yanke ganye ko ka lanƙwasa reshe don hoto ya fito, ganyen nan shi ne laima da labule. Kada ka taka sabuwar hanya cikin ciyawa da ta ƙare a gindin bishiyar. Kada ka sa hannu ko waya a kan sheƙar, 'ya'yan da suka kusa tashi sukan firgita su yi tsalle kafin lokacinsu. Waɗannan tsuntsaye suna da zuciya, na Ostireliya har gaggafa yake kora, amma zuciya ba ta tsare ƙwai da dare. Nau'in tsibirin Lord Howe na Ostireliya ya ƙare ƙurmus cikin 'yan shekaru bayan ɓeraye sun sauka daga jirgin ruwan Makambo da ya maƙale a gaɓar tsibirin a 1918, na tsibirin Guam kuma wani maciji da aka shigo da shi ne ya cinye shi zuwa tsakiyar shekarun 1980.

Wata rana kana iya ganin mai-mafici yana ɗura wa wani ɗa da ya ninka shi girma. Ba idonka ba ne. Akwai wasu tsuntsaye, waɗanda Turawa ke kira kuku, da ke saka ƙwansu a sheƙarsa su bar masa reno. Ka rubuta, ka ɗauki bidiyo daga nesa, kada ka cire.

In kuma ka tsinci ɗa a ƙasa mai cikakken gashi da gajeriyar wutsiya, iyayen suna kusa. Ɗora shi a kan reshe mafi kusa inda mage ba za ta kai ba, ka bar wurin. A nan amsar mai tambayar keji take. Tsuntsun nan ba kanari ba ne, ba ya cin gero, ƙwaro mai rai yake kamawa a iska tun safe har yamma, a keji kwana kaɗan zai yi. Ga kuma doka: Maleshiya tana da dokar kare namun daji ta 2010, Indiya ta 1972, Niyu Zilan ta 1953. Ɗalibi mai bizar karatu ba shi da abin da zai kai shi wannan rigima.

9. Rubuta, sannan ka tura

Tun kana wurin ka rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, wuri, yanayin sama, adadin da ka gani, da abin da suke yi. Adadi shi ne wurin zamewa. Tsuntsu ɗaya mai zagaye yana iya zama biyar a lissafin ɗan koyo, don haka ka ƙirga waɗanda ka gani a lokaci guda, ko waɗanda tazara mai yawa ta raba. In ba ka tabbatar da nau'in ba, eBird tana ba da damar a rubuta dangin kawai, kuma hakan ya fi cika da zato. Hoton sheƙa da ainihin wurinta kuma ka riƙe su sai 'ya'yan sun tashi.

10. Wanda bai tafi ba tukuna

Kana iya gwada hannu tun a gida. A kurmin bakin rafi na tsakiyar Najeriya, kamar a Filato da kudancin Kaduna, akwai wani ɗan shuɗin tsuntsu, Elminia longicauda, mai buɗe wutsiya yana juyi a cikin ganye kusan sak irin na mai-mafici, duk da cewa zuriyarsu daban. Akwai kuma Terpsiphone viridis, mai jan baya da baƙin kai, wanda namijinsa ke jan dogayen gashin wutsiya biyu. Shi ya fi kusanci da mai-mafici ta wajen asali, yana hawowa arewa da damina, sheƙarsa ma ƙaramin kofi ce da aka ɗaure da saƙar gizo. Na kusa da Jos su nemi cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum a Laminga, wurin masu wannan sana'a ne. Matakai na 4 zuwa na 9 duka suna aiki a kan waɗannan biyun, illa dai na gida sun fi tsoron mutum, don haka ka ƙara nisa, ka kuma ƙara minti 10 a kan tsayuwar.